Keken da Baba Ya Kushe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin matata, ya riga mu gidan gaskiya a nan Madina. Bayan sallar la'asar aka sallace shi a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ba zan kama sunansa ba. Ban taɓa kama shi ba yana raye, ba kuma yanzu zan fara ba. Baba muke ce masa.

A ƙofar gidansa da ke unguwar Ƙurban aka jera kujerun zaman makoki, kamar yadda ake yi a nan. Na zaci dangi ne da maƙwabta za su zo, a sha gahawa a watse. Sai ga mutanen da ban taɓa gani ba. Wani gurgu ya tuƙo kekensa na hannu tun daga unguwar Bani Harisa, ya ƙi yarda a ɗauko shi a mota. Ya ce sarƙar da ke jikin kekensa, Baba ne ya ɗaura ta, da ita zai zo masa gaisuwa. Mai gashin gurasar tamis na bakin layi, wani ɗan Buhara da suka yi shekara da shekaru suna tsokanar juna da Baba, ya rufe tanderunsa ya zo ya zauna a ƙarshen kujeru. Ɗalibai 'yan Najeriya daga jami'a suka zo ƙungiya guda. Ɗayansu ya ce, "Dattijon nan ya taɓa wanke ni tas a kan na bar sarƙa ba mai. Da ya gama sai ya zuba mini shayi." Aka yi dariya, wasu na share ido.

Ƙanin Baba, wanda muke kira Baffa, shi ya faɗi maganar da ta fi kama da shi. Ya ce, "Allah ya jiƙan ɗan'uwana. Harshe kaifi, hannu taushi."

A ɓangaren mata kuwa, matata ta ce mahaifiyarsu, Inna, ba ta yi kuka ba a ranar farko. Abin da take ta tambaya kawai shi ne ko an ja ƙofar shago, kada rana ta bugi tayoyi.

Jikokinsa suna jin Hausa, amma da Larabci suke amsawa. Ina tsoron ranar da za a tambaye su kakansu su ce, ai wani mai gyaran sikal ne, wato keke a bakinsu, shi ke nan. Saboda haka na zauna in rubuta abin da na sani.

A kan hanya aka haifi Baba, cikin Sudan, iyayensa na tafiyar Makka a ƙasa. Su kan yada zango su yi noma ko ƙodago, in guzuri ya taru su ƙara gaba. Zangon da ya fi daɗewa shi ne na Asmara, a can ya zama saurayi. Ya shiga aiki a shagon wani Bature ɗan Italiya mai gyaran keken tsere. Baba ya ce mutanen garin can tseren keke ya zame musu kamar dambe a ƙasar Hausa, in ana yi kowa sai ya bar abin da yake yi ya fito bakin titi. Shi Baba ya wanke kekunan, ya ɗaure su, ya hura musu iska, ya tura su har bakin layin tashi. Hawa kuwa ba a taɓa ba shi ba. Ana cikin haka mahaifinsa ya ce a ɗaura kaya. Baba ya roƙi a bar shi ko da shekara guda, tsohon ya ce, "Makka muka fito, ba kallon Turawa na gudu ba." Suka gangara bakin teku suka haye.

Abin da ya taho da shi daga can hannunsa ne, sai wata kalma ɗaya. Duk wanda ya gani yana ɗaure noti da ƙarfi sai ya daka masa tsawa, "Fiyano, fiyano!" Wato a hankali. Har Inna ta ɗauka, tana faɗa wa jikoki in suna hawa matakala.

Ni a tsakiyar shekarun saba'in na zo Madina karatu. Na sayi wani baƙin keken Sin na hannu, ya riƙa jan gefe ɗaya. Aka nuna mini wani ɗan shago a hanyar Ƙuba. Na tarar da gajeren dattijo baƙi, da ƙaramin gemu, farcensa duk giris. Na gyara murya na zuba masa Larabcin littafi. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Kai ɗan ina ne? Yi Hausa, kada ka karya mini kunne." Daga ranar na zama ɗan gida. Da shekaru suka tura, ya ba ni 'yarsa ta biyu, bai tambaye ni komai ba sai ko ina da uwa a raye.

Baba ba ya fara duba keke da ido. Sai ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ji nauyinsa, ya sa farce ya ƙwanƙwasa bututun ya kasa kunne. Ya kan ce, "Ƙarfe ba ya ƙarya, fenti ne maƙaryaci." Keken guragu da na masu kai ƙanƙara gidaje shi yake fara gyarawa ko da wa ya riga su zuwa, in ka yi ƙorafi ya ce, "Kai kana da ƙafa." Amma yana da wani hali da ba zan ɓoye ba, don ta'aziyyar da babu gaskiya a cikinta ba ta amfanin mamaci. Baba bai iya karɓar kyauta ba. In ka kawo masa turare sai ya ce an sirka shi. In ka kawo yadi sai ya murza ya ce zai koɗe. Daga baya ka gan shi sanye da shi ranar Juma'a. Mu da muka san shi ba ma damuwa. Wanda abin yake ci shi ne babban ɗansa, wanda matata ke kira Yaya, ni ma na bi bakinta.

Yaya dogo ne, ya ɗauko dangin Inna. Ya yi karatun injuna, da aka buɗe ayyukan garin Yanbu ya samu aiki a matatar mai. Tun daga nan yake son Baba ya rufe shago. Motoci sun cika gari, gyaran keke ya koma sai na yara da baƙi.

"Ya buya, halas, ka huta," in ji shi wata rana, wato "Baba, ya isa" da Larabci. "Mutane na cewa ɗanka yana Yanbu, kai kana nan cikin baƙin mai."

Baba ya ce, "Kai a can madara kake tacewa?"

Aka bar maganar, amma ba ta mutu ba.

Wata Alhamis a farkon shekarun tamanin, bayan la'asar, muna zaune a ƙofar shago, ni da Baffa da mai tamis, sai ga motar Yaya. Ya fito yana murmushi irin wanda na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Ya buɗe baya ya sauko da wani keke siriri, ja wur, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ya ce wani ɗan Italiya da suke aiki tare ne zai koma gida, ya ji labarin Baba da Asmara, ya ba shi. Ya ce keken mahaifin mutumin ne, ya zo da shi don ya riƙa motsa jiki a bakin teku.

"Hadiyya ce, ya buya. Irin wanda kake ba mu labari."

Na san abin da keken nan yake nufi. Yaya ya sauko ne daga maganar rufe shago, bai dai faɗa da baki ba.

Baba ya tashi ya zaga keken. Abin mamaki, bai ɗaga shi ba, bai ƙwanƙwasa ba. Ya sa ɗan yatsa ya ɓamɓare gefen tambarin da ke jiki.

"Wannan takarda ce aka liƙa. Fentin nan na mota ne, dubi yadda ya tsiyaya. Giyar nan ta Japan ce. Birkin gaba da na baya ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ƙafar gaban ma a karkace take." Ya goge hannu a tsumma. "Baturen nan shara ya rasa inda zai zubar, ya same ka."

Mai tamis ya yi 'yar dariya, don ya ɗauka wasan da aka saba ne. Yaya bai yi ba. Ya tsaya yana kallon mahaifinsa, sannan ya ce, da Hausa tsantsa, abin da ba kasafai yake yi ba, "Baba, ko sau ɗaya a rayuwata, in kawo abu ka ce madalla." Ya jingine keken a bango, ya shiga gida ya gaida Inna a tsaitsaye, ya kama hanyar Yanbu a ranar.

Keken ya yi makonni a jingine a lungun shago. Sai wata rana na zo na tarar Baba ya kife shi a kan benci, ya kwance tayoyin, yana kankare fenti da wata 'yar wuƙa. Bai amsa sallamata yadda ya saba ba. Ya ce, "Zo nan, malam. Sa hannunka."

Ya kama yatsana ya kai shi can baya, inda bakin taya ke zama. Na ji wasu 'yan haƙora a jere kamar na zarto, fenti ya cike su.

"Ka ji su? Kafin a ƙirƙiro irin giyar nan ta yanzu, sanduna biyu ake ɗaurawa a nan gefe. Mai tsere yana cikin gudu zai miƙa hannu baya, ya saki tayar, ya juya feda baya, ya tura sarƙa ta hau wani haƙori, sannan ya sake kullewa. Tayar a kan haƙoran nan take tafiya don kada ta karkace. Ban sake ganin irinsu ba tun da muka bar Asmara."

Daga nan ya shiga karanta mini keken kamar yadda malamanmu ke karanta matani. Ya nuna mini mahaɗan bututu, inda aka sa ƙarfe cikin ƙarfe aka liƙe da tagulla. Ya ce in duba yadda bakin kowane mahaɗi ya yi siriri har ya ɓace a jikin bututun. "Inji ba ya yin haka. Mutum ne ya zauna da magagari, ya yi ta gogawa. Dubi na dama ya ɗan fi na hagu tsawo, hannu ne." Ya nuna wata 'yar ƙofar zuba mai a ƙarƙashin feda, wadda ya ce an daɗe da daina yi. Ya sa yatsu tsakanin inda taya ke wucewa da jikin keken, ya ce wannan faɗin na zamanin da titunan can duk tsakuwa ne da laka. A ƙarƙashin jan fentin kuma ga launinsa na asali ya fito, wani ruwan toka mai ɗan shuɗi. Ya ɗaga gangar jikin da yatsa biyu ya miƙo mini. Na shirya hannu don nauyi, sai na ji kamar kwando. Ya ƙwanƙwasa bututun, ya yi wata ƙara siririya mai daɗewa.

Na ce, "To Baba, na yaushe ne?"

"Jikin, bayan yaƙin duniya na biyu da kaɗan. Sauran kayan kowa da zamaninsa. Wannan birkin ya fi jikin ƙuruciya da shekaru masu yawa, giyar kuwa ta jiya-jiya ce. An yi ta hawansa ne, abin da ya mutu a canza. Shekara cif kuwa ba zan ba ka ba. Wanda ya ba ka shekarar keke cif, ko shi ya ƙera shi ko maƙaryaci ne."

Ya ɗaura zare daga gaba zuwa baya ya auna, ya bi kowane mahaɗi da farce yana neman tsaga, bai samu ba. Karkatar ƙafar gaba gaskiya ce, amma ya ce irin wadda ake miƙewa ce. Sannan ya zauna a kan kujerarsa.

"Irinsa nake turawa bakin layi," in ji shi. "Shekara nawa ina gaya wa mutane fenti maƙaryaci ne, ga shi ni ya yi wa ƙarya. Ko ɗaga shi ban yi ba. Na zalunci yaron nan."

Na ce, "Baba, ga tarho a gida. Kalma biyu ce."

Ya harare ni. "Uba ba ya ba ɗa haƙuri da baki."

Da hannu ya yi niyyar ba da shi. Kusan duk abin da ya rage masa na ƙarfi a kan keken nan ya ƙare. Ya cire jan fentin gaba ɗaya, a hankali, don kada ya taɓa na ƙasa. Ya miƙe ƙafar gaba. Ya kwance kowane boris ya wanke da kananzir. Sandunan giya na asali bai same su ba, duk da ya bi alhazan da suka fito daga wajen Asmara yana tambaya. Wani tsoho a cikinsu ya dawo shekara ta gaba ya kawo masa sirdin fata irin na da. Sandunan kuwa ya haƙura, ya mayar da giyar Japan ɗin yana gunaguni. Kan keken ya naɗe shi da farin zaren auduga, Inna ce ta riƙe masa bakin zaren, don lokacin idonsa ya fara yana.

Mai tamis ya kan leƙo ya ce, "Ya shehu, wannan raƙumin da tsani za ka hau shi?" Don ko feda Baba ba zai kai ba. Shi dai ya ce, "Je ka duba gurasarka tana ƙonewa."

Ranar da Baba ya gama, ya ce mini, "Ka gaya wa yaron nan kekensa ya tashi."

Na buga Yanbu. Yaya ya ce, "Tayyib. Ya samo wani aibin ne?" Na kwashe duk abin da ya faru na gaya masa, haƙoran, mahaɗan, har maganar da Baba ya yi a kan kujera. Da na gama sai ya jefo mini tambaya.

"Shi ya ce, ko kai ka ce?"

"Shi ya ce. Ni ya gaya wa."

"To ya gaya mini."

Ba wai sun daina magana ba ne, kada mai karatu ya fahimce ni ba daidai ba. Yaya bai taɓa fasa aiko da saƙo ba, bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Da ƙaramar salla ya zo da iyalinsa, ya sumbaci kan Baba, aka zauna aka ci abinci. Shago na kulle saboda salla. Ina kallon Baba, mabuɗin shagon na hannunsa, yana ta jujjuya shi a kan gwiwa. Ya tambayi aiki, ya tambayi zafin Yanbu, ya tambayi ko kifi ya yi araha. Yaya yana amsawa, lokaci-lokaci yana kallon mabuɗin. Matata ta zungure ni, Inna ta yi ta shiga tana fita ba dalili. Kowa jira yake ɗayansu ya fara. Aka kira la'asar, aka tashi. Da za su tafi, Baba ya raka su har mota, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce, "Ka duba iskar tayar bayan nan."

Wannan ne ganinsu na ƙarshe.

Kafin babbar salla, wata rana da hantsi, mai tamis ya ga Baba bai fito tsokanarsa ba. Ya leƙa ya same shi zaune a ƙasa ya jingina da benci, numfashi na yi masa wuya. Kafin azahar rai ya yi halinsa. Yaya yana can cikin matata, saƙo bai same shi da wuri ba. Ya iso Madina mun riga mun dawo daga Baƙi'a.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Baffa ya ce a buɗe shago a ga abin da ke ciki. Muka shiga ni da shi da Yaya. Inna ta biyo mu ta tsaya daga bakin ƙofa. Keken yana rataye a bango, an lulluɓe shi da tsohon harami. Yaya ya yaye ƙyallen. Ya daɗe a tsaye. Bai san launin ba, shi ja ya kawo. Ya sauko da shi, ya fito da shi bakin titi, ya tattare jallabiyarsa ya ɗora ƙafa. Na riƙe masa kan. Ya zauna a sirdin, ya sa ƙafa a feda ya tura ta ƙasa, ƙafar ta miƙe daidai, ba ragi ba ƙari. Ya miƙa hannu, kan keken ya zo masa inda ya kamata.

Ya dube ni. "Kai ka ba shi tsawona?"

Na ce ban ba shi ba.

Inna ta ce daga bakin ƙofa, "Tsohon wandonka ya sa na ciro masa a akwati. Da shi ya auna. Ya ce kada in gaya maka, wai za ka ce ya damu da kai."

Yaya bai tuƙa ba. Ya kifa goshinsa a kan farin zaren nan, kafaɗunsa suna rawa. A nan ne Inna ta yi kukan da ta riƙe tun ranar farko.

Ya Allah, ga bawanka nan a maƙwabtan Manzonka. Ya taho maka tun daga cikin ciki, a ƙasa, ya iso. Ka yafe masa kaifin harshensa, ka duba aikin hannunsa. Ka sanyaya zuciyar ɗansa, ka haɗa su a inda ba sai ɗaya ya jira ɗaya ya fara magana ba. Amin.